Makokin Steve Jobs Da Abin Da Ya Rage Wa Masu Rai

Ran Laraba, 5 ga watan Oktoba, 2011, wani attajiri mai suna Steve Jobs ya mutu a gidansa cikin garin Palo Alto, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, yana da shekara 56 da haifuwa. Shi ba sarki ba ne, bai taɓa jan runduna zuwa yaƙi ba, bai kuwa taɓa tsayawa zaɓe ba. Sana'arsa ita ce ƙera kwamfuta da wayar hannu da sayad da su. Amma kafin kwana guda ya cika, mutane sun yi dafifi a ƙofar kantunan kamfaninsa, watau Apple, tun daga San Faransisko har Landan, har Tokiyo. Waɗansu suka ajiye furanni, waɗansu suka kunna kyandir, waɗansu kuwa suka gatsi tuffa suka ajiye, domin tuffa gatsattsiya ita ce alamar kamfanin. Daga baya kamfanin ya ce mutum fiye da miliyan 1 suka aiko da saƙon ta'aziyya.

To, jama'a, wannan abu ya isa a tsaya a duba shi. Yaya za a yi mutum ya zub da hawaye sabo da mai kanti wanda bai taɓa gani ba, wanda kuma bai taɓa ba shi kome kyauta ba? Shin wannan makoki na gaskiya ne, ko kuwa yayi ne kawai? In kuma na gaskiya ne, me ya kamata ya bari a zuciyar akawu da malamin makaranta, waɗanda gobe da sassafe tilas su koma bakin aikinsu? Waɗannan su ne tambayoyin da na ke so mu tattauna yau. Amma bari mu fara sanin mutumin tukuna.

Asalinsa Da Tashinsa

An haife shi ran 24 ga Fabrairu, 1955, a San Faransisko. Ubansa Balarabe ne na garin Hims a ƙasar Siriya, wanda ya zo Amurka neman ilmi, uwarsa kuwa Ba'amurkiya ce, ita ma 'yar makaranta. Ba su riga sun yi aure ba a lokacin, sabo da haka suka ba da jaririn riƙo ga wani ma'aikaci mai suna Paul Jobs da matarsa Clara. Paul mutum ne mai aikin hannu, yana gyaran motoci, yana kuwa taɓa kafinta. Shi ne ya koya wa yaron cewa in za ka yi kabad ko shinge, to, ka gyara bayansa kamar yadda ka gyara gabansa, ko da ya ke ba mai leƙawa can. Steve bai manta da wannan magana ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A makaranta kuwa yaro ne mai ƙiriniya, ya gagari malamai. Sai da ya kai aji 4 sa'an nan wata malama ta gane kansa. Ta ba shi littafin lissafi, ta ce in ya gama shi daidai za ta ba shi dala 5 da alawa. Ba a daɗe ba ya daina neman lada, ya kama karatu don daɗin karatun kansa. Da ya girma shi da bakinsa ya ce ba don wannan malama ba, da watakila a kurkuku zai ƙare. A 1972 ya shiga kwalejin Reed a jihar Oregon, amma bayan wata 6 ya janye sunansa, domin ya ga kuɗin makarantar yana cinye abin da mariƙansa suka tara. Duk da haka ya ci gaba da zama cikin waɗansu azuzuwa, har da ajin da a ke koyad da ƙayata rubutun hannu.

Ran 1 ga Afrilu, 1976, shi da abokinsa Steve Wozniak da wani dattijonsu Ronald Wayne suka kafa kamfanin Apple. Wurin aikinsu na fari gidan su Steve ne da garejin Paul. Wozniak shi ne gwanin wayoyi da lantarki, shi ya tsara kwamfutarsu ta fari, wadda suka sa wa kuɗi dala 666.66. Jobs kuwa shi ne mai ido da baki, watau ya san abin da zai burge mai saye, ya kuma san yadda zai faɗa masa. Wayne ya tsorata da bashi, kafin mako 2 ya sayad da rabonsa, kashi 10 cikin 100, a kan dala 800. A 1977 suka fitad da Apple II, ta sami kasuwa ƙwarai, a 1980 kuwa aka fara sayad da hannun jarin kamfanin ga jama'a, Jobs ya zama mai miliyoyi yana ɗan shekara 25.

Faɗuwa Da Tashi

A watan Janairu, 1984, ya fitad da kwamfutar Macintosh. Kafin wannan lokaci yawancin kwamfutoci sai wanda ya hardace umurninsu ke iya sarrafa su. Ita kuwa wannan hotuna ne a fuskarta, sai ka tura wani ɗan abu bisa tebur ka nuna wanda ka ke so. Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, ya gan ta ne a 1979 a wurin binciken kamfanin Xerox, amma shi ya kawo ta inda talaka mai ɗan hali zai iya taɓawa. Kyawawan haruffan da ke cikinta kuwa, ya ce daga ajin nan na rubutun hannu ya samo sha'awarsu, shekara 10 kafin nan.

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1983 Jobs da kansa ya lallaso John Sculley daga kamfanin Pepsi ya zo ya shugabanci Apple. A 1985 suka ɓata, manyan kamfanin suka goyi bayan Sculley, aka karɓe ikon da ke hannun Jobs, ya fita daga gidan da ya gina yana da shekara 30. Ya kafa wani kamfani mai suna NeXT, wanda kwamfutocinsa suka yi kyau amma tsada ta hana su shiga kasuwa. Duk da haka a kan ɗaya daga cikinsu ne wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya haɗa tsarin shafuffukan intanet na fari a 1990, can a wurin binciken kimiyya kusa da Jeniba. A 1986 kuma Jobs ya sayi Pixar, masu yin sinima ta zane da kwamfuta, waɗanda suka yi shekaru suna cin kuɗinsa kafin fim ɗinsu na Toy Story ya fito a 1995.

A halin nan Apple ya kusa durƙushewa. A ƙarshen 1996 kamfanin ya sayi NeXT, a 1997 Jobs ya koma kan kujera, yana karɓar albashin dala 1 a shekara, ko da ya ke arzikinsa na cikin hannun jari. Ya soke yawancin kayan da kamfanin ke yi, ya ce a tsaya kan kaɗan a yi su da kyau. Daga nan sai abubuwa suka biyo juna: iMac a 1998, iPod ta jin waƙoƙi a 2001, iPhone a 2007, iPad a 2010. Wayar nan ta 2007 ita ta sauya kamannin wayoyin duniya, domin ta kau da tarin maɓallai ta bar gilashi wanda a ke shafawa da yatsa. Ko wanda ke riƙe da wayar wani kamfani dabam, in dai shafa ta ya ke yi, to, ya sha daga wannan rijiya.

Dalilin Kukan Jama'a

A nan ne, a ganina, amsar tambayarmu ta fari ta ke. Mutum ya kan shaƙu da abin da hannunsa ya saba da shi. Manomi ya san ƙotar fartanyarsa ko cikin duhu, malami kuma yana da alƙalamin da ba ya son ba da aronsa. To, wayar da ke kwana kusa da matashin mutum, wadda ke ɗauke da hoton 'ya'yansa da muryar mahaifiyarsa, ta wuce fartanya da alƙalami kusanci. Da aka ce mai ita ya mutu, sai mutane suka ji kamar wani na gida ne ya tafi. Shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya lura da cewa mutane da yawa a kan na'urar da mamacin ya fitar suka sami labarin mutuwarsa.

Akwai kuma dalili na biyu. Jama'a sun ga ciwonsa da idonsu. Shekara da shekaru ya kan fito gaban taro da baƙar riga ya nuna sabon kaya, kowace fitowa kuwa sai a ga ya ƙara ramewa. Ran 24 ga Agusta, 2011, ya ajiye shugabanci ya miƙa wa Tim Cook, bayan mako 6 ya cika. Wanda ya ga mai dukiya irin wannan, da likitoci irin na Amurka, ya kasa ƙara wa kansa kwana guda, lalle ya tuna da kansa. Rabin hawayen da a ke zubarwa a makoki, na mai kukan ne.

Ni kaina na ji labarin ne da safiyar Alhamis, na kuwa ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji, irin wanda ban zata ba. Amma ƙarfe 8 na bugawa ina bakin aiki, takardun jiya suna nan inda na bar su, da rana aka kawo abinci na ci. Ban ga laifin wannan baƙin ciki ba, ban kuwa ga laifin cin abincin ba. Juyayin wanda aikinsa ya amfane ka wani nau'i ne na godiya, yabon gwani kuma ya zama dole. Abin dubawa kaɗai shi ne kada yabo ya rufe ido.

Mutum Ɗan Tara Ne

Gama Steve Jobs bai cika goma ba, kamar kowa. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaida kaifin harshensa. Ya kan kushe aikin mutum a gaban 'yan'uwansa da magana mai zafi, wani lokaci kuma ya ƙi shawara yau, gobe ya kawo ta kamar tasa. A 1978 aka haifa masa 'ya, ya yi shekaru yana musun tasa ce, sai da shari'a ta shiga aka gwada jini sa'an nan ya fara biyan kuɗin ciyad da ita, a daidai lokacin da dukiya ke kwararo masa. Daga baya ya karɓe ta, ta zauna a gidansa, ya kuma nuna nadama. Amma shekarun ƙuruciyar yaro ba su dawowa.

Sa'an nan ga masu haɗa wayoyin. Ana tsara su a Kalifoniya, amma a lokacinsa yawancinsu a ƙasar Sin a ke haɗa su, a manyan ma'aikatu inda dubban samari da 'yan mata ke tsayuwa sa'o'i masu yawa suna maimaita aiki guda. A 2010 ma'aikata fiye da 10 na kamfanin Foxconn, mai yi wa Apple da waɗansu kamfanoni aiki, suka hallaka kansu, har aka ɗaura raga jikin benaye don tare masu faɗowa. Ba wanda ya kai furanni ƙofar kanti sabo da su. Wanda ya ke so ya yi wa mamaci adalci, sai ya sa wannan a ma'auni tare da wancan.

Ina faɗin haka ne domin na ga wata cuta ta biyo bayan mutuwarsa. Waɗansu shugabannin ofis sun karanta tarihinsa, ba su ɗauki kome ba sai tsawa da wulakanci, suna zaton su ne asirin nasara. Wannan kuskure ne babba. Abin da ya ɗaukaka shi idonsa ne mai gane kyakkyawan aiki, da naciyarsa, da iya tara gwanaye wuri guda. Zafin bakinsa kuwa shi ya taimaka aka fitad da shi a 1985. Babban akawun da ya kwaikwayi faɗan ba tare da gwanintar ba, ƙananan ma'aikatansa kawai zai kora.

Wanda Ya Mutu Ba A Ji Ba

Mako guda daidai bayan mutuwar Jobs, ran 12 ga Oktoba, aka tarad da wani dattijo mai suna Dennis Ritchie ya mutu a gidansa a jihar New Jersey, yana da shekara 70. Jaridu kaɗan suka sa labarin a shafin gaba. Alhali kuwa shi ne ya ƙago harshen nan da a ke kira C wajen 1972, watau hanyar rubuta wa kwamfuta umurni, shi da abokin aikinsa Ken Thompson kuma suka gina tsarin Unix a wurin binciken Bell. Tsarin da ke tafiyad da kwamfutocin NeXT daga Unix ya samo asali, daga gare shi kuma aka samo wanda ke cikin iPhone. Watau dai ginin da duniya ta taru tana yabo, a kan harsashin Ritchie ya ke tsaye.

Ba cewa na ke yi Ritchie ya mutu a wulakance ba. Masana sun san shi, sun ba shi lambar girma ta Turing a 1983, Shugaba Clinton kuma ya rataya masa lambar ƙasa a 1999. Amma mutumin kan titi bai san sunansa ba, shi kuwa bai nemi a sani ba. Haka al'amarin duniya ya ke: mai tsayawa gaban taro shi a ke tafa wa, mai haƙa harsashi kuwa ƙasa ke rufe aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in an ɗora ta, mutum guda a ke tunawa.

Ya ku akawuna da malamai, yawancinmu 'yan ɗakin Ritchie ne. Akawun da ya rubuta rajistar filaye daidai ya kashe rigimar da za ta tashi bayan shekara 30, ba kuwa wanda zai zo ya gode masa, domin rigimar da ba ta tashi ba, ba a ganinta. Malamar nan ta aji 4 ba ta san wanda ta ke koyarwa ba, yaro mai ƙiriniya kawai ta gani, ta ƙi fid da rai da shi. Shi kansa Wozniak, bayan ya bar aikin yau da kullum a Apple, ya yi shekaru yana koya wa yaran firamare kwamfuta a garinsu. Wanda ya tsara injin da ya kafa kamfanin bai ga koyarwa ta yi masa kaɗan ba.

Ciwo Da Jinkiri

Akwai wani darasi kuma wanda ya fi sauran ɗaci. A watan Oktoba, 2003, likitoci suka gano ciwon daji a wata gaɓa ta cikinsa da ke bayan tumbi. Irin nasa yana cikin waɗanda ba su saurin yaɗuwa, suka ce a yi aiki nan da nan. Ya ƙi. Ya yi wata 9 yana gwada tsarin abinci da waɗansu magunguna, iyalinsa da abokansa suna roƙonsa, sai a watan Yuli, 2004, ya yarda aka yi masa aiki. A 2009 sai da aka sauya masa hanta. Walter Isaacson, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labari cewa Jobs ya yi nadamar wannan jinkiri. Taurin kan da ya ba shi nasara a kan injiniyoyi bai yi masa rana a gaban cuta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda likita ya ce ya dawo, ya koma, kada ya ce sai an yi hutu.

A watan Yuni, 2005, ya yi wa ɗaliban jami'ar Stanford jawabi, ya gaya musu cewa ya yi shekaru kowace safiya yana tambayar kansa, in yau ce ranarsa ta ƙarshe, ko zai so ya yi abin da ya ke shirin yi. Magana ce mai kyau, amma a auna ta. Mai iyali 10 da albashi guda ba shi da ikon ajiye aiki don ya gundure shi. Abin da ke hannunsa shi ne yadda zai yi aikin, da fuskar da zai shiga gida da ita da maraice. Shi ma Jobs, da marubucin nan ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yarda a rubuta tarihinsa, cewa ya yi yana so 'ya'yansa su san shi, domin ba kullum ya ke tare da su ba. Ku duba fa, mutumin da duniya duka ta sani, yana neman littafi ya gabatad da shi ga 'ya'yan cikinsa.

Bayan An Watse

Ran 7 ga Oktoba aka binne shi a Palo Alto, iyali da 'yan makusanta kaɗai suka halarta, kabarinsa kuwa ba a sa masa alama ba. Ran 14 ga wata sabuwar waya, iPhone 4S, ta shiga kasuwa, cikin kwana 3 aka sayad da fiye da miliyan 4. Masu shara suka kwashe furannin da suka bushe daga ƙofar kantuna. A watan Agusta, 2018, darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1, shekara 7 bayan an ce ba zai rayu ba in babu shi. Duniya ba ta tsaya ba, ba ta kuwa taɓa tsayawa don kowa ba.

Sabo da haka shawarata guda 3 ce. Ta fari, wanda ya ji zafin mutuwar gwani na nesa, ya tambayi kansa yaushe rabonsa da gaida gwani na kusa. Malamin da ya koya maka baƙi da wasali, in yana da rai, ya fi bukatar sallamarka yau bisa ga yabonka ran jana'izarsa, zumunta kuwa a ƙafa ta ke. Ta biyu, in za ka yi koyi da babban mutum, tsame alherinsa ka bar masa aibinsa. Ta uku ita ce ta Paul Jobs, makanikin da bai gama makarantar sakandare ba: gyara bayan kabad. Fayil ɗin da mai duba ofis ba zai buɗe ba, da littafin yaron da ke zaune a layin baya, su ne bayan kabad ɗinmu. Allah ya ba mu ikon gyara su, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.